Waiwaye: Ruwan Marka a Gulbinmu

Mu da muka tashi a bakin gulbi, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, mun san ruwan marka. A watan Agusta yakan sauko ja wur, ɗauke da kara da rassan bagaruwa, yana juyi a gindin gada yana tofar da kumfa. Iyaye su yi ta tsawa kada a matsa kusa, mu kuwa mu hau tudu mu saki baki. Sabo ya sa ba mu ɗauke shi abin adanawa ba.

Wani mai zane na Amurka, John Henry Twachtman, haifaffen Cincinnati a 1853, bai raina na ƙofar gidansa ba. Ya sayi gona a Greenwich ta jihar Connecticut, inda ɗan rafin Horseneck ke gangarowa kan duwatsu, ya yi ta zana shi cikin zafi da cikin ƙanƙara. Ba ya bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Dangwala fari da shuɗi da ruwan toka yake yi, gajere-gajere. In ka matso, dabbare-dabbaren fenti za ka gani. In ka ja da baya, sai ruwa ya kama gudu. Ya rasu a 1902 kasuwarsa ba ta buɗe sosai ba, amma yau zanen rafin nan yana gidan adana zane na Metropolitan a New York.

To mu fa? Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bikin kamun kifi ke jawo baƙi, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Hotunan da muke ratayewa duk na masunta ne da gora da homa a kogin Matan Fada, ko na giwan ruwa a kan sikeli. Madalla da su. Sai dai da rani ake bikin, lokacin da gulbi ya kwanta, don haka ruwa mai ladabi kaɗai duniya ta sani.

Bayan yarintarmu aka gina madatsar Bakolori da ta Goronyo, zuwan ruwa ya koma jiran buɗe ƙofa. Jikokinmu ga waya a hannu, amma ba sa ɗaukar hoton gulbi sai ranar da ya haura ya cinye shinkafar fadama, kamar yadda ya yi a 2020.