Tasar gwaggo a kan sikeli, agogon Nasara a bango

Yau ba gaisuwa na kawo ba, faɗa na zo yi, kuma da gidanmu zan fara don kar wani ya ce na tsallake nawa na taka na mutane.

Bara gwaggona ta rasu a Tasawa, Allah ya jiƙan ta. Da anka zo rabon gado, ni anka ba bik da kaye don ni ne ɗan lakkwal. Ɗakinta irin na tsofaffinmu ne: jere tun daga ƙasa har kusa da rufi. Tasoshin tagulla, langa mai fure, kwalla, samira saiti-saiti, akushi baƙi guda 2 da ya sha man shanu har shina ƙyalli, masaki, faya-fayi, ga gado mai rumfa. Maza sunka ce kwano ba ya rabuwa, kuɗi ke rabuwa, a kira mai saye. Wa anka kira? Ɗan gwangwan, da kurarsa da sikelinsa. Ya aza tasoshin ya auna kamar mai sayen albasa. Langa ya ce ba ta da nauyi. Akushi ya ce itace ne, sai dai murhu. Ni kuwa ina tsaye ina rubuta kilo, ban ce uffan ba. Kafin la'asar ɗakin da ta yi shekara 50 tana tarawa ya koma bango huɗu da sawun kwanoni a jikin fenti.

Ba a yi wata biyu ba na je Yamai, matar wani abokina ta ce in raka su wata butik ta kayan gwanjo, an sauke kwantena sabuwa daga Turai. Jama'a, in kun ga turereniya! Mata masu mota, ma'aikata da baj a wuya, kowa na tonon kwali. Faranti mai bakin zinari da ya koɗe, fitilar tebur ba waya, hoton dutse da ƙanƙara a bisansa, kwalbar fure mai tsaga. Matar abokina ta ɗauki agogon bango na katako wanda ko tik ba ya yi, ta ce ai na ado ne, tsohon yayi ne, shi ake so yanzu a salon. Kuɗin da ta biya ya fi abin da na rubuta a kaye na tasoshin gwaggo duka. A nan cikina ya juya.

To ku tsaya, kar a juya mini magana. Ba gwanjo nake zagi ba. Rigar da ke jikina ranar da na ci BEPC ta bosho ce. Talakan da ya je Katako ya samo tukunya ko kujera da rabin kuɗin sabuwa dabara ya yi, Allah ya ƙara buɗi. Kuma gaskiya ce, kofin Duralex na gwanjo ya fi robar da ke fashewa kafin salla ta zagayo, tukunyar ƙarfe ta Le Creuset kuwa in ka dace da ita har jikoki za su dafa a ciki. Wanda ya sayi abu don ƙarkonsa ba ni da magana da shi. Maganata da wanda ke sayen tsufa ne. Ya yarda tsohon abu na da daraja, har ya biya ta da tsada, amma sai in tsufan a Faransa ko Beljiyam anka yi shi. In a Gobir ko Damagaram abin ya tsufa, sunansa tarkace.

Kun san daga ina waɗannan kaya ke fitowa? A can, in tsohuwa ta mutu, 'ya'ya kan kwashe gida. Wasu kayan su kai wa ƙungiyoyin agaji irin Emmaüs, wadda anka kafa tun 1949, wasu su baje a kasuwar da suke kira vide-grenier, wato kwashe rumbu. A garin Lille, duk farkon watan Satumba gari ne sukutum ke komawa kasuwar tsofaffin kaya, mutane na tahowa daga ƙasashe suna farautar kwanon kakanninsu. Masu ido su tsince na kirki tun da asuba. Saura, wanda ba wanda ya so, shi ke shiga kwantena ya biyo teku, ya sauka tashar ruwa, a ɗoro shi babbar mota har nan. Wato dai mu muna layi a kan kingin gadon wata tsohuwa da ba mu sani ba, bayan danginta da dillalan ƙasarta sun zaɓa sun bari. Su sun riƙe na kakarsu mai kyau. Mu mun kai na tamu sikeli.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a gaban mikro: "Ai langar ma ba a nan anka ƙera ta ba." Haka ne. Kwanonin enamel daga Turai da Hong Kong sunka fara zuwa, daga baya masana'antun Najeriya sunka kama yi. Amma ka tambayi kowace tsohuwa yadda langa ta shiga ɗakinta. Da kuɗin ƙuli-ƙuli, da na fura, da adashi, kwano ɗaya yau, ɗaya baɗi, tun ɗiya na goye ake tara mata. Jere ba ado kaɗai ba ne, bankin mace ne a lokacin da ba ta da kont ko'ina. Miji bai da iko a kansa. Shekarar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, gidaje nawa ne tasa ta fita ta dawo da tiyar hatsi? Gwaggo da bakinta ta nuna mini gurbin guda uku da ta sayar a shekarar, ta kuma nuna mini waɗanda ta maye da su bayan damina ta yi kyau. Wane agogon kwantena ne zai ba ka labari irin wannan? Ko sunan mai shi ba ka sani ba.

Kuma mu ma muna da hanyarmu ta sayar da tsohon kaya tun kafin kwantena. Dillaliya. Ta shiga gida-gida da kaya a ka, ta san wace ce ke neman samira don auren ɗiya, wace ce ke son ta rabu da kwalla a asirce ba tare da kishiya ta ji ba. Ta san ƙimar kowane kwano, ta ɗauki la'adarta, abin ya tashi daga ɗaki ya faɗa wani ɗaki. Ɗan gwangwan bai san ƙima ba, nauyi ya sani. Abin da ya saya narkewa zai yi. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan, mu ne munka kira shi wurin da ba nasa ba, don muna gaggawar a raba a watse kafin motar Maraɗi ta tashi.

Wani abin haushin: akwai masu bi ƙauye-ƙauye suna sayen akushi, tsohuwar ƙwarya mai zane, turmi, bata, da kuɗin goro. Waɗannan ba narkewa suke ba. Ku je wajen Château 1 a Yamai ku ga inda irinsu ke zaune, an goge su, an sa musu kuɗin da mai su ba ta taɓa riƙewa ba. Baƙo ya saya ya kai ƙasarsu ya aza a salon. Ban yi mamaki ba in wata rana jikanmu ya ga akushin kakarsa a hoto cikin gidan wani Bature, sannan ne zai ce kai, ashe abin nan na da kyau.

Sai maganar lafiya, a gurguje. Tsofaffin faranti masu fenti da wasu kofunan kiristal na da dalma a jikinsu, kasko mai baƙin shafe in ya kankare bai kamata a ci gaba da suya a ciki ba, tsohon firigo kuwa kuran yake sha kamar raƙumi ya samu rijiya. Mai butik ba zai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. In za ki sa wa yara abinci, ki duba da kyau.

Amaren yanzu, da ku nake. Ban ce ku koma jere har rufi ba, zamani ya wuce nan, ɗakin haya ma ba zai ɗauka ba. Amma cikin bitrin ɗin nan da kunka cika da tangaram na wata Madam da ta mutu a Bruxelles, babu gurbin tasa ɗaya ta innarku? In ado kuke so mai asali, masu ginin tukwane na Mirya na nan da ransu, na Bubon na nan bakin kogi, masu saƙar tabarmar Madawa ba su daina ba, dukawan Damagaram na zaune suna jiran ciniki. Kuna taya musu kamar kuna sayen tumatir, amma agogon da ba ya tafiya ko ragi ba ku nema ba.

Ku kuma maza masu rabon gado, ni na farko: malamin da ke raba muku bai ce dole sai an narka ba. Ana iya kiran dillaliya ta yi wa kowane kwano kuɗi, wadda ke so cikin magada ta ɗauka a cikin rabonta. Awa biyu ne aikin. Mu ba mu tambayi 'ya'yan gwaggo mata ba, suna cikin ɗaki suna karɓar gaisuwa lokacin da kura ta fita.

Akushi ɗaya ya tsira, don ɗan gwangwan ya ƙi shi. Ƙaramar ɗiyarta ta tsince shi bayan murhu ta ɓoye cikin zane. Da na koma Tasawa da azumi, a ciki ta zubo mini tuwo, ba ta ce mini komi ba, ni ma ban iya ɗaga kai na dube ta ba.