RA'AYINMU: A Yi Wa Mai Ciki Allura Kafin Ruwa Ya Tare Hanya

Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗeja ya san halin koginmu. Cikin Agusta da Satumba, idan ruwa ya gangaro daga Tiga da Challawa, ga kachalla ta toshe masa hanya, sai ya malala cikin gonaki da gidaje. A 2022 mun ga yadda wasu ƙauyukan Auyo, Guri da Kirikasamma suka koma ba a shigarsu sai da kwalekwale. To, naƙuda ba ta jiran ruwa ya janye.

Macen da ta haihu a gida cikin irin wannan hali, abin tsoro ga jaririnta shi ne tsinkau-tsinkau. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana kuwa shiga ta cibiya idan an yanke ta da tsohuwar reza ko an shafa mata toka. Kafin mako biyu sai jariri ya daina kama nono, jikinsa ya sandare. Kaɗan ne ke tashi.

Rigakafinta yana wurin awon ciki. Allura biyu ce, tsakaninsu aƙalla mako 4, ta biyun kuma a yi ta aƙalla mako 2 kafin haihuwa, domin kariyar uwa ta samu ratsawa zuwa ga ɗanta. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Ba ta zubar da ciki, ba ta hana haihuwa, ba ta ɓata nono. Galibi iyakarta hannu ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Tana kuma kare uwa daga mashaƙo, wanda ya addabi Kano da Yobe a 2023.

Ba mu raina masu ɗari-ɗari ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya bar tabo. Amma jita-jitar 2003 cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa, wa ta amfana? Yara ne suka gurgunce, cutar ta tsallaka har wasu ƙasashe.

Gaskiya ne ba kowace allura ake yi wa mai ciki ba. Ta ƙyanda akan jira sai ta sauka. Ta shawara ma akan ɗaga wa mai ciki da mai sabon goyo, sai fa idan annoba ta ɓarke. Saboda haka a faɗa wa ma'aikaciyar lafiya gaskiya, ko da cikin fari ne ana jin kunya.

'Yan'uwa magidanta, ku da kuke lissafin ranar dashen shinkafa, ku lissafa wannan ma. Wadda za ta haihu a Satumba, ta gama allurarta tun Yuli, kuɗin mota kuwa daga aljihunku. Shugabannin Zumuntar Mata su riƙa tambayar katin awo bayan sujada, a kuma ajiye shi cikin leda, nesa da ƙasa.