Nama Kaɗai Ba Ya Raya Hanji

Wata sabuwar al'ada ta shigo tsakanin ma'aikata da ɗalibai, watau ƙaurace wa tuwo da fura don gudun ƙiba da ciwon sukari. Har ma akwai masu cewa nama da ƙwai kaɗai sun wadatar, wai jiki ba ya bukatar zaren abinci, wato dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye waɗanda ciki ba ya narkarwa. Wannan magana tana bukatar a auna ta da idon basira.

Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Vilhjalmur Stefansson da abokinsa, waɗanda daga 1928 suka yi shekara guda suna cin nama zalla a ƙarƙashin kulawar likitocin asibitin Bellevue na birnin New York, suka kuma fito lafiya. To, amma mutum biyu a shekara ɗaya ba su isa ma'aunin rayuwar al'umma ba. Likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya lura cewa taurin bayan gida da sankarar hanji sun yi ƙaranci a ƙauyukan Afirka inda ake cin hatsi da dusarsa, alhali sun yawaita a Ingila. Dalili kuwa, zaren nan shi ke tausasa bayan gida, ya rage gaggawar shigar sukari cikin jini, ya kuma ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin babban hanji. Nama da ƙwai da nono ba su da shi ko ƙwayar zarra. Saboda haka a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya ci aƙalla giram 25 kowace rana.

Ba sai an je nesa ba. Manomin Baure, can ƙasar Daura kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, yana da gero da dawa da wake da gyaɗa, ga kuka da zogale da rama da kuɓewa a bayan gida. Abin takaici shi ne, akan surfe hatsi fes, a zuba wa tumaki dusar, mai gida kuwa ya bi farar shinkafa da burodi.

Mai ciwon sukari da likita ya umarta ya rage tuwo, ya rage, amma ya ƙara ganye da miyar kuka da gyaɗa, domin rage sitaci daban, yin watsi da tsirrai daban. Wanda ke shan magani kuwa kada ya sauya cimarsa sai da sanin likita, don sukari na iya faɗuwa farat ɗaya. In ba haka ba, sai a gudu gara a tarar da zago, ga aljihu ya ƙare wajen mahauta, ga hanji ya ɗaure.

Ya kamata jami'an lafiya da malaman makarantu su tashi tsaye su wayar da kan jama'a tun kafin al'adar ta yi jijiya. Allah Ya sa a gane.