Alkawarin da Aka Gina Kasuwa a Kansa

Dungeons & Dragons wasa ne da ake yi a zaune kewaye da tebur. Kowane ɗan wasa yana ɗaukar matsayin wani jarumi, mutum ɗaya yana jan zaren labarin, ƙwayoyi masu lambobi irin na lido kuma suna yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. A shekarar 2000, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da lasisin Open Game License, wanda ya bai wa kowane mawallafi izinin ɗaukar ginshiƙan dokokin wasan ya buga nasa littattafan ba tare da biyan ko sisi ba. Hujjar Ryan Dancey, jagoran shirin, ita ce duk littafin da wani ya rubuta zai ƙara wa littafin asali masu saye.

Haka kuwa aka yi. Da kamfanin ya tsaurara sharuɗɗa a bugu na huɗu a 2008, Paizo ya dogara da tsohon lasisin ya fitar da Pathfinder a 2009, ya zama babban kishiyarsa. A Janairun 2023 kuma wani daftari ya fallasa, mai neman soke tsohon lasisin da karɓar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shigar da ya haura dala 750,000 a shekara. 'Yan wasa da mawallafa suka yi ca. Kafin watan ya ƙare, kamfanin ya janye, ya sanya dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa.

A ganina, wannan shi ne daidai. Mai kaya yana da ikon kayansa, amma a dokar Amurka haƙƙin mallaka yana kare lafazin da aka rubuta dokar wasa da shi ne kawai, ita kanta dokar ba ta kowa ba ce. Don haka abin da ƙananan mawallafa suka samu a lasisin, tabbaci ne cewa ba za a maka su kotu ba. A kan wannan tabbacin suka zuba jari na sama da shekara ashirin. Lasisin da mai shi zai iya sokewa ranar da ya ga dama ba ya bayar da irin wannan tabbaci. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya gayyaci jama'a su yi gini a filinsa ya tabbata sun ji sharaɗinsa tun kafin su haƙa tushe.