Sunan jami'a da bashin gida

Duk shekara, da zarar an fito da sakamakon bak, sai iyaye su shiga zirga-zirga. Wani na neman mai sayen gonarsa, wata ta roƙi a ba ta kwasar adashi tun kafin lokacinta, malamin makaranta kuma ya nufi banki ya ci bashi a kan albashinsa na shekaru, don dai a ce ɗansa na karatu a Maroko, ko Tunisiya, ko Dakar. Ka tambayi uban me yaron zai karanta, sau da yawa bai sani ba. Sunan ƙasar kawai ya riƙe.

A Amurka ɗalibi ne ke cin bashin karatu da sunansa, kuma sama da mutum miliyan 40 ke ɗauke da shi a yau, wasu har furfura. Mu nan bashin ba ya hawa kan yaro, gida yake hawa. Ƙannensa ne ke biya: wannan a fitar da ita daga makarantar kuɗi, wancan a ce ya dakata tukuna. Kuma kuɗin rajista shi ne ƙaramin abu. Haya, abinci, jirgi, magani, su ne ke cin mutum wata bayan wata, shekara uku cur kafin lisansi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka ɗauka duk abin da ke bayan iyaka ya fi namu. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna aji ba. Akwai makarantu nagari a can, babu shakka. Amma uban da ya sayar da shanunsa bai san wacce ce wacce ba. Kafin a biya ko dala, a bincika: shin CAMES ta amince da wannan takarda? Shin gwamnati za ta karɓe ta ranar gasar ɗaukar ma'aikata?

A da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai madogara. Yanzu akwai Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa. Yaron Tasawa na iya karatun noma ko likita a Maraɗi, ya kwana gidan kawunsa, ya zo gida da salla. Ba zan ɓoye aibinsu ba, don malamai sun fi ni sani: yajin aiki, shekarar karatu da ke shiga cikin wata, kuɗin alawus da ke makara, aji cike maƙil. Lisansin shekara uku kan kai huɗu ko fiye. Wannan asara ce ta gaske, kuma ita ke korar iyaye waje. Sai dai shekara guda da ta salwanta ana iya mayar da ita, gonar gado kuwa in ta tafi ta tafi.

Akwai inda suna ke da amfani. Idan fannin babu shi a gida, ko yaro ya samu tallafin karatu cikakke, ya tafi da albarka. Ga sauran, ni dai shawarata a yi lisansi a gida, a dage a fito da maki mai kyau, sannan a nemi tallafin masta a waje, lokacin da yaro ya san abin da yake so kuma ya iya riƙe kansa a baƙon gari.

Malaman ajin ƙarshe na lise, ku ne iyaye ke saurara. Idan uba ya zo da takardar tallar wata makaranta mai hoton dogon bene, ku zaunar da shi, ku ɗauko alƙalami, ku lissafa masa kuɗin wata 36, har da na jirgin dawowa in an yi rasuwa a gida.