Zakkar majami'a da bashin mai shago: wanne ke gaba?

Oktoba wata ne mai nauyi ga iyaye a ƙasar nan. An koma lakwal, ga littattafai, ga kayan sawar yara, ga kuɗin rajista ga masu ƴaƴa a makarantun kuɗi, alhali bashin hatsin da aka ci da damina bai fita ba tukuna. A irin wannan lokaci ne wata tambaya ke yawan tasowa tsakaninmu Kiristocin Maradi, Tsibiri, Galmi, Damagaram da Dogon Dutsi: wanda ake bi bashi, ya fara fitar da ɗaya bisa goma na albashinsa ya kai majami'a, ko ya fara sallamar masu binsa? Mutane suna jin nauyin tambayar fasto, sai dai su yi ta a gindin bishiya bayan an tashi sujada. Ni a ganina magana ce da ta kamata a fito da ita fili, domin ta shafi tukunyar gida, ta shafi karatun yara, ta kuma shafi mutuncinmu wajen maƙwabta.

Ra'ayina shi ne: bashin da lokacinsa ya yi, mai shi kuma yana jira, shi ke gaba. Amma kada a rufe hannu gaba ɗaya, kada kuma a mai da bashi mafaka ta rowa.

Mu fara da lissafi, tunda malamai nake wa magana. Mu ɗauki misalin mushen da albashinsa jika 80. Banki yana cire jika 25 duk wata saboda rancen babur. Haya jika 15. Saura jika 40, a ciki za a ci, a sha magani, a sayi ruwa da wuta. Ga kuma mai shagon unguwa yana binsa jika 30 na shinkafa, mai da sabulu, wata uku ke nan ana ce masa «sai an yi albashi». Zakkar wannan malami jika 8 ce. In ya kai ta cif, mai shago ba zai ga ko dala ba. In kuwa ya ba mai shago jika 6, ya saka jika 2 a baiko, cikin wata biyar ya fita kunyar mutumin, a wata na shida ya koma ga ɗaya bisa gomansa da kwanciyar rai. Majami'a ta rasa jika 30 a wata biyar. Amma wannan jika 30, da ma ta wane ce? Ta mai shago ce. Shinkafarsa aka ci.

Nan ne gindin maganar. Ba a yin kyauta da kayan wani. Mai shagon nan shi ma akwai babban ɗan kasuwa da ke binsa, yana da iyali, yana da ƴaƴa a lakwal. Sau da yawa kuma Musulmi ne, wanda ya yarda da maƙwabcinsa Kirista ya buɗe masa littafin bashi ba tare da shaida ba. Yana ganin mutumin ran Lahadi ya sha ado ya nufi majami'a da ambulan a aljihu, ran Litinin kuma ya canza hanya don kada su haɗu. Wane wa'azi ne zai gyara abin da wannan ya ɓata? Mu ƴan kaɗan ne a Nijar. Abin da ya sa mana albarka a idon jama'a shi ne aiki irin na asibitin Galmi, wanda ke karɓar marasa lafiya tun 1950, da kuma sunan da iyayenmu suka yi na cika alkawari. Mai taurin bashi guda ɗaya yana iya zubar da abin da aka daɗe ana tarawa.

Masu cewa zakka ce farko ko ana ha-maza-ha-mata suna da hujjarsu, kuma na san ta. Sura ta 3 ta littafin Malakai suke kawowa, inda aka zargi Isra'ilawa da zambatar Allah saboda hana zakka, aka kuma yi alkawarin albarka ga masu kawo ta. Ba na wasa da wannan nassi. Sai dai littafin da ya ƙunshi Malakai shi ne kuma ya ƙunshi Zabura ta 37, wadda ta lissafa mai cin bashi ya ƙi biya cikin mugaye. Shi ne ya ƙunshi wasiƙar Bulus ga Romawa, sura ta 13, mai umartar a ba kowa hakkinsa. A sura ta 4 ta littafin Sarakuna na biyu akwai labarin gwauruwar da mai bin bashi ya zo kwashe ƴaƴanta biyu. Da mai ya yalwata a tulunanta, abin da annabi Elisha ya umarce ta shi ne ta sayar, ta biya bashinta, ita da ƴaƴanta su ci saura. A sura ta 7 ta Markus kuma, Yesu ya tsauta wa waɗanda ke keɓe dukiya da sunan Allah don su kauce wa kula da iyayensu. Wanda ya karanta waɗannan duka ba zai ce Allah yana murna da baikon da aka tauye hakkin wani aka kawo ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a kan mumbari ba. Zakkar Tsohon Alkawari daga amfanin gona da garke ake fitar da ita, don ciyar da Lawiyawa waɗanda ba a ba su gādon ƙasa ba. Kuma bisa sura ta 14 ta Maimaitawar Shari'a, duk shekara ta uku ana tara ta a cikin gari domin Lawiyawa, baƙi, marayu da gwauraye. Wato tun asali tsari ne da ke ɗaga talaka. A Sabon Alkawari, da Bulus yake tara gudummawa a Koranti, bai yanka wa kowa kashi ba. Ya bar wa kowa abin da ya ƙudura a ransa, gwargwadon abin da yake da shi, ba da tilas ba.

Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da zama a kan irin wannan tambaya, kuma akwai abin lura a amsarsu. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, bashi yana kayar da zakkar tsabar kuɗi in ya cinye nisabi, amma ba ya kayar da zakkar hatsi da ta dabbobi. Shi ya sa manomi ke fitar da dami ɗaya cikin goma ko da ana binsa, mai kuɗin da bashi ya rufe kuwa ba a tilasta masa. Mai bashi ma yana cikin mutane takwas da ake ba zakka. Addininmu daban, hukuncinmu daban, amma hankalin da ke ciki ya isa a duba: ana bambanta abin da ke hannunka da abin da ke naka.

To, kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya kai wa matarsa ya ce an yafe masa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. In aka ce sai ranar da mutum ya wanke tas zai fara bayarwa, to wasu har su mutu ba su saka tamma a kwando ba. Fastocin ƙauyukanmu da yawa da wannan kuɗi suke ciyar da iyalinsu, da shi ake gyara rufin majami'a, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Ba gwamnati ke biyansu ba. Shi ya sa nake bambanta bashi kashi uku.

Na farko, rancen banki da ake cira daga albashi a kan tsari. Wannan ba wanda aka zalunta, ana biya a kan lokaci. Mai irin wannan ya fitar da zakkarsa daga abin da ya shigo hannunsa bayan an cire. Malamin misalinmu, in ba don mai shago ba, jika 5 da rabi ba za ta gagare shi ba.

Na biyu, bashin mutane da ya wuce wa'adi: mai shago, mai gidan haya, zubin adashe, kuɗin makarantar yara, ladan mai aiki. Wannan shi ke gaba. A rage baiko zuwa abin da za a iya, a sa ranar gamawa, a rubuta ta.

Na uku, bashin son rai: ɗinkin Kirsimeti kala uku, sabuwar waya, bikin da aka yi don a fi na wane. Mai wannan ba zakkarsa ce ta yi masa yawa ba. Ya rage buri, ya sayar da abin da zai sayar, ya biya mutane, ya kuma ci gaba da bayarwa.

Abu ɗaya da nake ƙi ƙwarai shi ne cin bashi don a fitar da zakka, ko don «shuka iri» wajen mai wa'azin da ya yi alkawarin za a ninka. A 2014 an ƙayyade iyakar ruwan rance a ƙasashenmu masu sefa ta Afirka ta Yamma: kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun rance. Mai ba da kuɗi da ruwa a unguwa kuwa ba ruwansa da wannan iyaka. Wanda ya ranci jika 10 ya kai wa mai wa'azi, shi zai biya ruwan, mai wa'azin kuma ya riga ya hau mota ya nufi wani gari.

Ga dattawan ikilisiya ina da roƙo biyu. A daina karanta sunayen masu zakka da adadinsu a gaban jama'a, a daina kafa takardar a bango. Kunya ce ke sa talaka ya ranto ya kawo. Sannan a keɓe wani kaso na abin da ya shigo don ƴan'uwan da rashin lafiya ko ƙarancin damina ya jefa cikin bashi, a kuma riƙa bayyana lissafin asusun ga kowa. Ikilisiyar da ke karɓa daga mai bashi ba ta taɓa tambayar yadda ya kwana ba, ta ɗauki rabin koyarwar ta bar rabi.

Mu iyaye da malamai kuma, yara suna kallonmu. Yaron da aka aika ya ce wa mai bin bashi «Baba ba ya nan», ya riga ya ɗauki darasi, kuma karatun Lahadi ba zai goge shi ba. Gara a zaunar da shi ranar albashi, ya ga an ware na mai shago, an ware na baiko komai ƙanƙantarsa, an ware na cefane. A ba shi jika 6 ɗin ya kai shago da hannunsa, ya tsaya har a soke a littafi, ran Lahadi kuma a ba shi na baikon ya saka a kwando.