Zuwa ga Maƙeran Fari na Gusau da Tsafe da Bunguɗu

'Ya'yana,

Hannunku na da kyau, ban musa ba. Zoben da ake ƙerawa a Gusau yau ya fi na zamaninmu tsaftar aiki. To, yabon ya tsaya nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kuke yi da liyari, tsohon kuɗin azurfar nan mai kan sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Tsohuwa ta rasu, magada su kawo liyarin da ta gada daga kakarta, ku aza a sikeli, giram 28, ku biya kuɗin azurfa, kafin la'asar ya narke. Kun san hanyar da ya biyo kuwa? Daga Tarabulus ta bakin teku, a bayan raƙumi, ta Gadamas da Agadas, har Kasuwar Kurmi. Da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, guda ɗaya wuri 2,500 ake canza shi. Shi kuke mayarwa awarwaro!

Wanda ya tsira daga wuta kuma sai ku dirje shi da toka da lemun tsami har zanen ya shafe. Iyayen gidanmu, Allah ya jiƙansu, ba haka suke yi ba. Su sake shi a kan uwar maƙera su saurari amonsa, su duba adon kafaɗar sarauniyar, shi ke nan. Ina masu irin wannan kunne yanzu?

Sai ƙaryar da ta fi ɓata mini rai. Wasunku na gaya wa baƙi cewa a kufan 'Yandoto aka tono shi, wai ga 1780 a jiki. Haba! Shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da ita aka ci gaba da buga shi: a Rum da Landan da Bambai a shekarun 1930 da 1940, a Biyana har gobe. 'Yandoto kuwa tun farkon jihadi Muhammadu Bello ya ci ta, kuma da malamai aka san ta. Garin malamai za ku jingina wa ƙarya don ƙarin naira?

Ku yi mini afuwa, tsufa ne. In liyari ya shigo hannunku, ku tambayi magada na wa ne, ku rubuta, ku ajiye shi da dattinsa. Azurfar narkarwa ba ta ƙare a kasuwa ba.

Wassalam.
Babanku a sana'a, Tsafe.